Malam Birki da Motar Likita

Ranar da muka raka Malam Birki makwancinsa, motoci sun cika layinmu tun daga shagon mai aski har bakin famfo. Yawansu bai ba ni mamaki ba, yadda aka ajiye su ne ya sa na tsaya ina kallo. Babu wadda ta hau kwalbati, babu wadda ta tare ƙofar gidan wani. Kowa ya daidaita tayarsa da gefen titi, kamar marigayin zai fito ya duba. Yawancin masu motocin nan shi ya koya musu tuƙi, wasu ma har da iyayensu.

Na san shi tun muna makarantar mishan, benci ɗaya muke zama. A lokacin ba Birki ake ce masa ba, kuma da wani ya ce wannan sunan zai bi shi, da mun yi dariya. Duk makarantar babu wanda ya kai shi gudu. Filin wasanmu yana bakin hanya, shingen waya ne kawai tsakani. Idan mota ta taho, abin da ba kullum ake gani ba a wancan zamani, sai ya bar ƙwallo ya bi shingen a guje yana tsere da ita har ƙarshen fili. Shugaban makaranta ya sha ba shi lauje ya ce ya yanke ciyawar wurin, tunda yana son wurin haka. Yakan yanke ta tas, ya kuma sake bin mota ta gaba.

Da muka gama, ni na shiga aikin akawu, shi ya zama direban wani kamfanin magunguna. Bayan wasu shekaru ya kama ɗaki ɗaya kusa da tasha, ya sa allo da benci, ya sayi wata ƙaramar farar mota, ya sa aka ƙara mata birki da kuloci a gefen fasinja. Nan ya buɗe makarantar koyon tuƙi, nan kuma ya tsufa. Duk wanda ya zo, ranar farko ba ya tayar da inji. Sai ya zaunar da shi, ya nuna masa abu ɗaya, ya ce, "Wannan shi ne birki. Taka. Saki. Taka. Gobe ma shi za mu yi." 'Yan koyo suka laƙaba masa sunan, har matarsa ta koma kiransa da shi.

Kujerar gaba ta fasinja, wadda direbobi ke ce wa kujerar mai zaman banza, ita ce ofishinsa. Yakan ce bai taɓa ganin wurin da aka yi wa ƙarya kamar kujerar nan ba. Aikin ya shiga ƙafarsa ta dama har ta daina jin maganarsa. A tasi yana taka birki, a bas yana takawa, a falona ma idan talabijin ta nuna mota tana shan kwana sai ka ji dunduniyarsa ta daki ƙasa. Marigayiya matarsa takan nuna wa matata ƙwaurinta, ta ce, "Kin ga, jiya ma mun kusa yin karo a mafarki." Mai gyaran takalmin layinmu ya san takalmin dama ne kullum ke fara zuwa.

Ko shi kaɗai ne a mota ba ya gudu. Na taɓa tsokanarsa a kan haka muna hanya, wani mai keke yana neman wuce mu. Na ce, "Ina yaron nan mai tsere da motoci?"

Ya ce, "Yana nan. Amma rabin direbobin garin nan sun san fuskata. Ranar da ɗayansu ya ga na wuce shi a guje, duk abin da na faɗa masa ya zama ƙarya."

Ban sake tayar da maganar ba.

Wata rana da la'asar, bayan mun tsufa, matanmu duka sun riga mu gidan gaskiya, ya shigo gidana ya zauna. Na zuba masa shayi, na ajiye kofin a gefen hannunsa. Sai na ga yana laluben teburin, ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya ga kofin.

Ya ce, "Ka gani ko? Hawan jinin ido ne. Likita ya ce gani yana rufewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu, bututun kuma yana ƙara tsukewa. Maganin ɗigawa yana rage masa sauri, ba ya tsayar da shi. Yanzu dai ya ce zan iya tuƙi da rana. Idan lokacin sabunta lasin ya zo za su sake gwada ni."

Na ce, "Makarantar fa?"

"Na rufe. Ba zan zauna kusa da ɗan wani ina ce masa duba gefe, ni kuwa ba na ganin gefen ba." Ya kurɓi shayin. Can ya ce, "Akwai wata mota."

Na san motar, duk wanda ya zauna a garin ya san ta. Ta wani likitan haƙori ce, koriya mai duhu, ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Kafin ka gan ta za ka ji ta. Shekara da shekaru tana wucewa ta gaban makarantar Birki. Ya gaya mini a ranar cewa duk lokacin da ta taho yakan ce wa ɗan koyo, "Kar ka kalle ta, kalli hanyarka," shi kuma ya bi ta da ido a madubi har ta ɓace. Likitan ya yi doguwar jinya ya rasu, motar ta daɗe a gareji. Yanzu matarsa za ta koma ƙaramin gida, ta sa ta a kasuwa.

Ya ce, "Sau ɗaya nake so. Hanya miƙaƙƙiya, babu kowa, in taka totur in ji abin da ake ji, kafin bututun nan ya rufe. Filin da na saya don gina wa makarantar mazauni, na sayar."

'Yarsa, ma'aikaciyar jinya ce, ta zo wurina washegari ranta a ɓace. Ta ce, "Baba, ka yi wa abokinka magana. Mutumin da bai taɓa barina na hau keke ba sai ya matsa birkinsa ya gwada, shi ne yau zai sayi motar tsere da rabin ido?" Na ce mata zan bi shi in ga abin da zai faru. Iyakar alkawarin da na iya yi ke nan.

Muka tafi mu uku, da bakanikensa, wani dattijo mai surutu da ake kira Sufana, wanda ya riƙe farar motar tun tana sabuwa. A hanya Sufana ya yi masa huɗuba.

"Malam, ciniki ba koyarwa ba ne. Kar ka yaba, kar ka shafa ta, kar ka yi murmushi. Ɗaure fuska kamar an kawo maka ɗan koyo mai taurin kai. Ni zan kushe, kai ka yi ta girgiza kai. Idan ta faɗi kuɗi, ka juya kamar za ka tafi."

Birki ya ce, "To."

Matar Likita ta tarbe mu a ƙofar gareji. Ƙaramar mace ce, ta manyanta, tabarau na rataye a wuyanta, makullin motar a hannunta. Muka gaisa, muka yi mata ta'aziyya ko da yake an daɗe. Garejin cike yake da kwalaye an ɗaure su da igiya. A kan kanta akwai jerin haƙoran roba da mijin ke nuna wa marasa lafiya, ƙura ta rufe su. Ta janye tamfol da kanta, ba ta yarda mun taya ta ba.

Motar ta zauna a kan tayoyin da suka sace, fentin ya dushe. Duk da haka na ji Birki ya ja numfashi.

Sufana ya ɗaga murfin inji ya fara aikinsa. Ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya nuna mana: ya yi fari-fari kamar an zuba madara. "Ruwa ya haɗu da mai, gaskit ɗin da ke raba su ya ƙone. Lagireto yana yoyo, ga tabon nan a ƙasa. Ɓera ya ci wayoyi." Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. "Birki ya kama, salansa ta ruɓe. Kayanta kuwa ba a samunsu a nan, sai an aika nesa." Duk gaskiya ya faɗa, na tabbata. Amma da ya ji bakinsa ya yi daɗi sai ya ƙara da cewa, "Wanda ya tuƙa motar nan bai tausaya mata ba. Azaba ta sha."

Na ga fuskar matar ta canza. Ta ce, "Ka gama?"

"Uwargida, ai gaskiya ce. In za a saya, kuɗin ƙarfe za a biya."

"Albarka," in ji ta. "Dillalai sun zo, sun ce za su farke ta su sayar da kayan ɗaya-ɗaya. Samari sun zo, kowa tambayarsa guda, nawa take gudu. Duk na sallame su. Amma babu wanda ya tsaya a garejin mijina ya zage shi sai kai." Ta kama bakin tamfol za ta mayar.

Sai a lokacin muka lura Birki ba ya tare da mu. Ya buɗe ƙofa ya shiga motar, amma ƙofar da ƙafarsa ta saba ya buɗe. Yana zaune a gefen fasinja, hannuwansa a kan gwiwa, kamar yana jiran ɗan koyo.

Sufana ya sunkuya ya ce masa a hankali, "Malam, mai saye a kujerar direba yake zama. Ka gama ba mu kunya."

Birki yana kallon ƙasa. Ƙafarsa ta dama yake motsawa. Sai ya sunkuya ya kai hannu ƙasa yana shafawa. Na leƙa. Kafet ɗin gefen fasinja lafiyarsa ƙalau, in ban da wuri ɗaya, daidai inda birki zai kasance da akwai shi. Nan ya cinye har ƙarfe ya fito, ramin kuma ɗan ƙarami ne, bai kai faɗin takalmin namiji ba.

Ya ɗago ya juyo da kansa har ya same ta. Ya ce, "Uwargida, wa yake zama a nan?"

"Ni."

"Kin daɗe kina taka birki."

Ta tsaya da tamfol a hannu. Na ɗauka za ta kore mu. Sai ta saki tamfol ɗin, ta sa tabaranta, ta zo ta leƙa wurin kamar ba ta taɓa ganinsa ba.

Ta ce, "Sau ɗaya mijina ya canza kafet ɗin nan. Ya ce kayan zamani ba su da ƙarko."

"Bai tambaya ba?"

"Bai sani ba, ni kuma ban faɗa ba. Mutum ne mai sanyin hannu. Yini yake a sunkuye kan bakin mutane, yana lallashin yara, ba ya ɗaga murya. Motar nan kaɗai ce wurin da yake sakin jiki. In na ce ina tsoro, zai sayar da ita don ni, na san shi. In kuma na ƙi shiga, zai tafi shi kaɗai, ya fi haka gudu. Sai na riƙa shiga, ina yi masa hira, ƙafata tana aikinta." Ta cire tabaran. "Kai ya aka yi ka sani?"

Birki ya miƙo ƙafarsa waje, ya nuna mata ƙasan takalminsa na dama. Ya ce, "Aikina ke nan tun ina saurayi. Ni dai nawa birkin yana kamawa."

Ta yi wata 'yar dariya, ta goge ido da gefen mayafinta. Ta ce mu shiga ciki.

A falo, tsakanin kwalaye, aka yi cinikin gaskiya. Ta kawo ruwa, ta zauna tana fuskantarsa. Ta ce, "Malam, na san ka. Kai ne mai farar motar nan da ke tare mana hanya kowace safiya. Mijina yakan ce da kunkuru zai nemi lasin, wurinka zai zo. Me za ka yi da wannan?"

Sufana ya yi gyaran murya, ya ce Malam yana son ta ne don ajiya kawai, tsoho ne mai sha'awar kayan da. Birki ya bar shi ya gama, sannan ya gaya mata komai: shingen makaranta, madubi, bututun da ke tsukewa, gwajin da ke tafe. Bai rage ko ɗaya ba. Sufana ya dafe kai.

Ta dubi idanunsa. Sannan ta ce, "Na hana samari masu ido biyu don kar uwar wani ta yi kuka ta dalilina. Yanzu in ba wanda idonsa ke tafiya? Ka yi haƙuri, Malam. Ba zan iya ba."

Ya ce, "Kin yi daidai. Ni ma da haka zan ce." Ya juya kofin ruwan a hannunsa. "Amma ga abin da zan iya bayarwa. Gyaran zai ɗauki lokaci. Ranar da aka gama, zan je a gwada idon. In likita ya ce a'a, hannuna ba zai taɓa sitiyarinta ba, ko a cikin gareji. Ga abokina nan, tun muna yara ya san ni. Tambaye shi ko na taɓa faɗin abu na saɓa."

Ta dube ni. Na ce mata iyakar sanina bai taɓa ba.

Ta ce, "In ya ce a'a, ka yi asarar kuɗinka ke nan."

"Na sani."

Ta faɗi kuɗinta, ya taya da abin da yake da shi bayan an ware na gyara. Bai kai tayin dillalai ba, ta gaya masa haka. Sufana ya buɗe baki zai sake jero laifuffukan motar, Birki ya ɗora ƙafa a kan tasa ya danna, Sufana ya haɗiye maganar.

Ta ce, "Akwai ciko. Ban iya tuƙi ba. Shekarun nan duka a gefe nake. Inda zan koma babu mai kai ni ko'ina, kuma na gaji da jiran mutane. Ka ce ka rufe makaranta."

"Na rufe."

"Ka buɗe wa mutum ɗaya. Ni zan duba gefen, kai ka duba gaba. In ka yarda, na sallama."

Ya ce sai dai a filin da babu kowa, da layukan bayan gari, da safe, kuma in lokacin shiga cikin gari ya yi, wani tsohon ɗalibinsa ne zai zauna da ita. Ta yarda. Haka aka ƙulla, ni ne shaida.

Aka ja motar zuwa garejin Sufana. Gyaran ya ci lokaci fiye da yadda kowa ya zata. Gaskit ɗin farko da aka aiko ba nata ba ne, aka mayar. Da aka buɗe injin sai aka tarar kansa ya lanƙwashe, sai an kai an goge. Damina ta zo ta wuce. Kowace yamma Birki yakan je ya zauna a kan wata tsohuwar taya yana sauraron ƙarar guduma. Sufana ya ce zai sa sabon kafet kyauta, ya ce a bar wannan yadda yake. Ina lura da shi a lokacin: da farko kansa kaɗai yake juyawa idan an yi masa magana daga gefe, daga baya sai da kafaɗa.

Da safe kuwa yana fili da matar Likita a farar mota. Ya ce mini bai taɓa samun ɗaliba irinta ba. Ranar farko ba ta buƙaci darasin birki ba, ta fi shi iyawa. Matsalar ita ce ta ƙi sakinsa. Masu wucewa ta bakin filin sun ji abin da ba a taɓa ji ba a garin, muryar Malam Birki yana cewa, "Saki birki, Uwargida. Saki. Motar ba za ta cije ki ba." Gwajin farko ta faɗi, mai gwajin ya ce tafiyarta ta yi sanyi har tana tare hanya. A na biyu ta samu lasin.

Ranar da injin koriyar mota ya tashi ina wurin. Ƙarar ta cika garejin, yaran maƙwabta suka leƙo ta katanga. Birki ya miƙe tsaye, ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin inji, ya daɗe a haka. Sannan ya ce mini, "Gobe ka raka ni asibiti."

Gwajin ba shi da wuya a faɗa. Mutum ya sa fuskarsa a wani kwano, ya kafa ido a ɗigon haske na tsakiya, duk lokacin da wani haske ya ƙyafta a gefe ya danna maɓalli. Ina zaune a bayansa, ina ganin hasken yana ƙyaftawa, babban yatsansa kuma yana jira. Da muka fito, muka taka har inda ya ajiye farar motar. Ya miƙo mini makulli, ya ce, "Nemo mana wanda zai mayar da ita gida."

Da yamma muka je garejin. Sufana ya wanke motar, ya goge ta, koren ya dawo. Da ya ji likita ya ce a'a, sai ya zauna a kan benci. Can ya matso ya rage murya.

"Malam, sabuwar hanyar nan ta bayan gari, da sassafe ranar hutu ko kare ba ya bi. Miƙaƙƙiya ce kamar zare. Gabanka ai kana gani. Ni zan zauna a gefe. Wa zai sani?"

Birki ya buɗe ƙofar direba, karo na farko, ya shiga ya zauna. Ya gyara kujera, ya gyara madubi, kamar yadda ya koya wa mutane. Hannuwansa kuwa suna kan cinyarsa. Na tsaya ina kallonsu, ni kaina ban san abin da nake so ya yi ba. Ya daɗe yana kallon sitiyarin.

Ya ce, "Na ce mata ko a cikin gareji."

Ya fito ya rufe ƙofar a hankali. Ya ce wa Sufana ya rufe ta da tamfol.

Da kansa ya je ya gaya wa matar Likita, a sabon gidanta, ni na riƙe masa hannu a matakala. Ta saurara har ya gama. Ta tambaye shi ko ya taɓa sitiyarin, ya ce a'a. Ta dube ni, na ce a'a.

Ta ce, "To a cire tamfol ɗin. Akwai sauran darasi. Farar mota na iya, wannan ban iya ba."

Ya ce, "Uwargida, ba ya cikin ciniki. Kuma kin fi kowa tsoron motar nan."

"Na fi kowa saninta daga gefe. Ina so in ga yadda take daga ɗaya wajen."

Kulocin motar yana da nauyi, totur ɗin kuma ko hura shi aka yi sai ta zabura. Makonni suka yi a filin nan suna zagaye, tana mutuwa ana tayarwa. Sai wata safiya ta ranar hutu, rana ta fito sosai, muka nufi sabuwar hanya. Motar kujera biyu ce, saboda haka ni da Sufana muka bi su a farar motar, 'yar Birki a baya, ta ce ba za ta zauna a gida tana jiran waya ba.

Da farko muna tare. Da aka wuce kwana ta ƙarshe, hanya ta miƙe, sai ƙarar ta canza, koriyar mota ta fara ƙanƙancewa a gabanmu. Sufana ya taka iyakar abin da farar motar ke da shi, abin da ba a taɓa yi mata ba, amma ba a jima ba muka daina ganinsu.

Abin da ya faru a cikin motar, daga bakin matar Likita na ji shi, kuma na rubuta yadda ta faɗa. Ta ce tun da suka tashi tana jin ƙafarsa tana danna ramin nan na kafet, ta san ƙarar, tata ce. Da hanya ta miƙe ya ce, "Madubi." Ta ce babu kowa. Ya ce, "Gefe." Ta ce babu kowa. Gaba kuwa bai tambaya ba, don shi ne abin da ya rage masa, kuma yana ganinsa sarai. Sai ta ga ya ɗaga ƙafar daga ramin, ya janye ta baya, ya cusa ta ƙarƙashin kujera, ya riƙe gwiwar da hannu biyu don kar ta koma. Ya ce, "Ƙara." Ta ƙara. Ya sake cewa, "Ƙara." Ta ce ba ta wuce abin da doka ta yarda ba. Sufana ya ce ƙarar da ya ji ba ta doka ba ce. Ban matsa wa kowa a cikinsu ba.

Mun same su can gaba sun tsaya a gefen hanya, tayoyi a daidaice, fitilar tsayawa tana ƙyaftawa. Ita tana riƙe da sitiyari. Shi gilashinsa a sauke, fuskarsa a jiƙe, ya ce iska ce. 'Yarsa ta sunkuya ta taga ta ce, "Baba, lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ta yi saurin canza giya ta uku, amma za mu gyara."

Ya yi 'yan shekaru bayan haka. Bututun ya rufe gaba ɗaya kafin ƙarshe. Duk da haka wasu safiyoyin mukan ji ƙarar nan ta shigo layinmu a hankali, ta tsaya a ƙofarsa. Yakan fito da sandarsa, ya lalubi ƙofar da ya saba, ya shiga.

Ranar rakiyar tasa, koriyar motar tana can ƙarshen layi, kusa da famfo. Bayan mutane sun watse matar Likita ta kawo wa 'yarsa makullin, ta ce motar ubanta ce, ga amanarta. 'Yar ta juyo ta dube ni. Na ce mata ni shaidar ciniki ne kawai, amma a sanina babu wanda ya iya motar nan sai mutum ɗaya. Ta mayar mata da makullin a tafin hannu, ta rufe da nata.

Na raka matar Likita har wurin motar. Kafin ta tayar na leƙa ta gefen fasinja. Kafet ɗin yana nan, ramin ya ɗan ƙara faɗi. Ta duba madubi, ta duba gefe, ta kunna sigina ko da yake babu kowa a layin, sannan ta fita.